Bangon Gabas

Ranar Litinin suka sauko daga mota,
su goma sha huɗu, riguna iri ɗaya, ruwan ɗorawa,
da aya rubuce a gadon baya.
A nan kan tsaunukan Guatemala
numfashi tsada gare shi,
sai suka tsaya suna haki,
suna ɗaukar hoton dutsen da ke fitar da hayaƙi.

Ni ne Eusebio Tzoc, magini.
Shekara talatin da ɗaya siminti na cin tafin hannuna.
Fasto ya ce, ga leburorinka,
da aljihunsu suka biya kuɗin jirgi
don su gina mana ɗakin shan magani.
Na dubi hannayensu.
Na ce, Allah ya kawo ku lafiya.

Akwai dattijo Wendell,
likitan haƙori ne a garinsu, in ji tafinta.
Yana riƙe cokalin gini
kamar kada ya ji wa bulo ciwo.
Akwai Marlys mai furfura, ta hana kowa baro,
ta yi ta turo yashi har hannunta ya yi bororo,
ya fashe, ta ɗaure da tsumma, ta koma.

Kafin rana ta faɗi bangon gabas ya kai ƙugu,
ya turo ciki kamar tulu.
Suka tafa, suka yi waƙar yabo, suka tafi cin wake.

Na saki igiyar awo.
Igiya ba ta san baƙo ba,
ba ta san kuɗin jirgi ba,
ba ta jin addu'a.
Yatsa uku ta nuna mini.
A ƙasar da kan girgiza tsakar dare ba sallama
yatsa uku kabari ne.
Ƙanwata Rosenda ce ta koya mini,
daren da muka tono ta da hannu.

Da suka yi barci na dawo da tocila,
ni da ɗana Anacleto.
Layi huɗu muka sauke tun siminti bai kama ba,
muka sake ɗorawa.
Talata ma haka.
Da safe su ce, kai, dubi aikinmu!
In ce, madalla.

Daren Laraba ina kankare bulo
na ji tari a bayana.
Wendell ne, da bargo a kafaɗa.
Babu tafinta.
Ya dubi bulon da ke zube a ƙasa, ya gane nasa.
Na jira fushi,
ko kunya, wadda ta fi fushi wuyar kallo.

Sai ya miƙo hannu ya karɓi tocilar.
Ya haska daidai inda nake so,
tun kafin in so,
irin na wanda ya saba da aiki a wuri ƙarami mai duhu.
Har zakara ya yi cara hannunsa bai girgiza ba.

Da gari ya waye ya ajiye cokali, ya nemi shebur.
Shi ke kwaɓi, Marlys ke turowa.
Sauran na ɗaura musu igiya a idon kowa,
abin da ya kamata in yi tun Litinin
da ban ɗauki ladabi na rufe gaskiya da shi ba.

Asabar, mota na jira,
bango ya tsaya a tsayin taga, kwano sai mu.
Wendell ya nuna kumatuna da ya kumbura.
Ya zaunar da ni a kan bulo biyu,
ya buɗe 'yar jakarsa,
Anacleto ya riƙe tocila,
shi kuma hannunsa sai rawa.

Yanzu damina biyu ke nan.
A ɗakin nan aka haifi jikar Candelaria Ixcoy.
Ƙasa ta motsa sau ɗaya, kofuna suka faɗo, shi ke nan.
Ni kuwa in na saki igiya ina jiran ta tsaya,
sai in ji harshena ya tafi da kansa
yana laluben gurbin.